Doguwar mace da keken tsere: wane girma ya dace da ni?

Tambaya: Assalamu alaikum. Tsayina santimita 183 ne, kuma ina son in sayi keken tsere don motsa jiki da doguwar tafiya a kan kwalta. Na gwada na mata guda biyu, duk sai na ji na takure, gwiwata kamar za ta bugi hannuna. Da na hau na maza mai lamba 60 kuma sai na ji sai na miƙe sosai kafin in kai ga birki, wuyana da kafaɗuna suka yi tsami. Mai sayarwa ya ce in ɗauki 54 kawai a ɗaga min sirdi. Wace shawara za ku ba ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Don Allah kada ki ɗauki 54 ɗin nan. Da wannan zan fara, saboda shi ne kuskuren da ya fi cinye kuɗin dogayen mata, kuma shi ne wanda ba ya gyaruwa bayan an biya. Mai sayarwa abin da ke shagonsa yake son ya fita, ke kuwa jikinki ne zai zauna a kan keken awa biyu ko uku.

Ga abin da ke faruwa idan aka ɗaga sirdi a kan ƙaramin firam, wato gangar jikin keken da ake ɗaura sauran kaya a kanta. Sirdi zai tashi, amma sitiyari yana nan ƙasa inda yake. Sai ki tarar kina zaune can sama kina sunkuyo, nauyinki ya koma kan tafin hannu, wuyanki ya lanƙwashe don ki ga hanya. Sandar sirdi kuma tana da iyaka: idan kika zaro ta za ki ga wani layi da aka zana a jikinta, wanda dole ya kasance a cikin firam. Duk wanda ya ɗaga sanda ta wuce wannan layin, ko dai sandar ta karye ko bakin firam ya tsage, kuma galibi a tsakiyar tafiya hakan ke faruwa. Mai tsayin 183 a kan 54, da wuya a sami tsayin da ƙafarta ke buƙata ba tare da an kusanci layin nan ba.

Takurar da kika ji a kan kekunan mata ba laifin jikinki ba ne. Tun asali ba don irinki aka ƙera su ba. Matar da ta fara wannan harka da gaske, Georgena Terry, injiniya ce a Amurka, ta kafa kamfaninta a 1985 saboda gajerun mata ba sa samun keken da za su hau, har takan sa ƙaramar taya a gaba don firam ya gajarta. Daga baya kamfanin Trek ya fito da nasa na mata, kamfanin Giant kuma ya fito da nasa mai suna Liv a 2008. Duk matsalar da suke ƙoƙarin magancewa ita ce ta macen da ƙaramin keken maza ya yi mata yawa. Shi ya sa galibi girmansu ke tsayawa tun kafin a zo kanki. Ana kuma yawan cewa mata ƙafarsu doguwa ce, gangar jikinsu gajeriya, don haka sai an gajarta musu firam. Awon da rundunar sojan Amurka ta yi wa dubban maza da mata a 1988 bai nuna haka ba: tsawon ƙafa daga ƙasa zuwa tsakanin cinyoyi ya kama wajen kashi 47 zuwa 48 cikin ɗari na tsayin mutum, ko namiji ko mace. Wajajen 2019 kamfanin Specialized ya daina ƙera firam na mata daban, yana cewa awon da ya tara daga masu hawa ya nuna bambancin mutum da mutum ya fi bambancin namiji da mace. Trek ma ya bi wannan hanya. Liv har yanzu yana kan bakansa, kuma mata da yawa suna jin daɗin kekunansa. Amma a tsayinki wannan gardamar ba ta shafe ki ba. Ki manta da rubutun na mata ko na maza, ki nemi firam ɗin da ya yi daidai da ƙafarki.

Inda mata suka bambanta da maza da gaske, a mafi yawan lokuta, wurare uku ne: faɗin kafaɗa, girman tafin hannu, da faɗin ƙasusuwan zama. Dukkansu ba firam ne ke kula da su ba. Sitiyari ne, da hannun birki, da sirdi, kuma dukkansu da alanki ake kwance su. Kamar ɗinki ne: rigar da yadinta ya wadata tela zai rage hannu ya gyara wuya, wadda yadinta ya gaza kuwa babu yadda za a yi da ita.

Yanzu awo. Tsayinki kaɗai bai isa ba, sai kin auna tsawon ƙafarki. Ki cire takalmi, ki sa wando mara kauri, ki jingina da bango, ƙafafunki a buɗe kamar taƙi guda. Ki ɗauki littafi mai ƙarfin bango ki sa shi tsakanin cinyoyinki, ki tura shi sama sosai har ki ji ya danne kamar yadda sirdi zai danne, gefensa ɗaya yana manne da bango. Wata 'yar'uwa ta yi alama a bango daidai saman littafin, a auna daga nan zuwa ƙasa da tef ɗin tela. Ki maimaita har awon ya tsaya wuri ɗaya, domin yawancin mutane ba sa tura littafin yadda ya kamata, sai su sami awon da ya gaza da santimita 2.

A ce kin sami 90. Ki ninka shi da 0.883, ki sami 79.5. Wannan shi ne tsayin sirdinki na farawa, daga cibiyar feda, wato tsakiyar inda ƙarafan feda biyu suka haɗu da firam, zuwa saman sirdi. Lissafin ya shahara ne ta hannun Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci babbar gasar tseren keke ta Faransa, Tour de France, a 1986 da 1989 da 1990, kuma har yau da shi ake fara saiti kafin a gyara da ido. Idan kuma kika ninka 90 ɗin da 0.65 za ki sami 58.5, da 0.67 kuma 60.3. Wato tsohon lissafin girman firam ya ajiye ki tsakanin 58 da 60. Kin ga yadda 54 ya yi nisa da ke. Ki kuma raba 90 da 183: kashi 49 cikin ɗari. Mai irin wannan awo ƙafarta ta ɗan fi matsakaici tsawo, gangar jikinta ta ɗan gajarta, kuma wannan zai yi mana amfani nan gaba.

Sai dai lambar da ke jikin keke ba abin dogaro ba ce yanzu. A da, lokacin da bututun sama yake a miƙe, lambar tana nufin tsawon bututun sirdi, kowa ya san abin da 58 ke nufi. Tun da Giant ya kawo firam mai gangaren bututun sama a shekarun 1990, kowane kamfani ya koma yana sa lamba yadda ya ga dama. Wasu ma haruffa suke sawa. A Giant za ki faɗa tsakanin ML da L, a Canyon kuwa, da yake kekunansa sun fi na sauran girma a harafi ɗaya, tsakanin M da L.

Awo biyu ne ba sa ƙarya, kuma kowane kamfani yana rubuta su a jadawalin kekensa. Masu keke suna kiransu istak da ric. Na farko tsayin gaba ne: daga cibiyar feda a tafi sama sak har a yi daidai da saman bututun gaba, inda sitiyari ke hawa. Na biyu nisan gaba ne: daga wannan layin a tafi gaba a kwance har saman bututun. Tsayin gaba ke faɗa miki yawan sunkuyon da za ki yi, nisan gaba kuma yawan miƙar da za ki yi. Ki duba kekuna biyu na kamfani ɗaya, Trek, duk masu lamba 58. Domane yana da tsayin gaba kusan milimita 610, nisan gaba kusan 380. Emonda kuwa tsayinsa kusan 580, nisansa kusan 395. Lamba ɗaya, amma ɗaya ya fi ɗaya tsayi da santimita 3, ya kuma fi shi kusa da santimita 1.5. A jiki wannan bambanci babba ne ƙwarai. Na farko an yi shi don doguwar tafiya cikin natsuwa, na biyu don mai gasa da ke son ya kwanta ya yanki iska.

Mai doguwar ƙafa sirdinta yana can sama, don haka tana buƙatar gaban keke mai tsayi ya taho ya tarye ta, tana kuma buƙatar nisan da bai yi yawa ba. Wato irin na farko. A wannan rukunin akwai Trek Domane, Specialized Roubaix, Giant Defy, Cannondale Synapse da Canyon Endurace. Ni a wajenki can zan sa ido, in nemi tsayin gaba daga milimita 595 zuwa 620, nisan gaba daga 380 zuwa 392, in bar kekunan gasa irin su Tarmac da TCR sai ranar da kika yanke shawarar shiga gasa. Za ki ji ana cewa idan mutum ya faɗa tsakanin girma biyu ya ɗauki ƙarami. Shawarar 'yan tsere ce, masu son sitiyari ya yi ƙasa. Ga mai ƙafa irin taki, ban yarda da ita ba: gara babban mai tsayin gaba a gajarta masa wuya, wato guntun ƙarfen da ya riƙe sitiyari, da ƙaramin da za a yi ta tara masa zobba a ƙarƙashin wuyan don a ɗaga sitiyari.

To me ya sa 60 ɗin nan ya wahalar da ke? Mai yiwuwa na gasa ne mai dogon nisa, wanda da gaske ya yi miki yawa. Amma na fi zargin kayan da aka ɗaura masa. Kamfanoni suna ɗauka duk wanda zai hau 58 ko 60 namiji ne mai faɗin ƙirji, sai su sa masa sitiyari mai faɗin santimita 44, da wuya mai tsawon milimita 110 ko fiye. Ki laluba saman kafaɗarki, akwai wani ƙashi da ya ɗan turo a kowane gefe. A auna tsakaninsu. Mata da yawa, har dogaye, suna samun 36 zuwa 40. Idan kafaɗarki 39 ce kika riƙe sitiyari 44, hannayenki sun buɗe waje, kuma buɗewar nan tana cin tsawon hannu. Sai ki ji birki ya yi nisa, wuyan hannu ya karkace, tsokar da ke tsakanin wuya da kafaɗa ta ɗaure. Wannan tsamin da kika kwatanta ke nan.

Ki lissafa abin da za a iya dawo miki da shi ba tare da an taɓa firam ba. Wuya daga 110 zuwa 90, an samu santimita 2. Sitiyari na zamani mai gajeren lanƙwasa, wanda miƙarsa ke tsakanin milimita 70 da 80, a madadin tsohon yayi mai 90 ko fiye, an ƙara samun 1 ko 1.5. Rage faɗi zuwa 40 ya ƙara sauƙaƙa miƙa. Sannan hannayen birki na Shimano da SRAM na zamani suna da ɗan ƙaramin noti da ke matso da su kusa da yatsu, aikin minti biyu ne, amma masu sayarwa da yawa ba sa ko ambatonsa. Wannan na ƙarshen ya wuce maganar jin daɗi. Idan yatsunki ba sa kama birki sosai a gangare, rayuwarki ce a ciki. Iyakar da zan sa miki ita ce kada wuyan ya gaza milimita 80. Ƙasa da haka kan keke yakan yi rawa, kuma alama ce cewa firam ɗin ne ya yi tsawo.

Abu ɗaya da nake roƙonki kada ki bari a yi: tura sirdi gaba don a rage nisa. Matsayin sirdi na ƙafa ne da ƙugu. Idan aka tura shi gaba, nauyinki zai ƙara zubewa kan hannu, gwiwa kuma ta ɗauki aikin da ba nata ba. A fara saita sirdi daidai da ƙafa, sannan a kawo sitiyari inda hannu ya sauka.

Sirdin kansa kuwa, ki sa a ranki za ki canja wanda ya zo da keken. A nan ne mata da yawa suke haƙura da hawa gaba ɗaya, suna jin nauyin faɗin abin da ke damunsu. Ki sami kwali mai rami-rami a ciki, ki ɗora a kan benci, ki zauna ki ɗan sunkuya gaba na ɗan lokaci. Za ki ga ramuka biyu inda ƙasusuwan zama suka danna. Ki auna daga tsakiyar ɗaya zuwa tsakiyar ɗayan, ki ƙara kamar santimita 2, shi ne faɗin sirdinki. Specialized, misali, yana yin masu faɗin milimita 143 da 155 da 168. Tsayin mutum ko jikinsa ba ya nuna wanne ne nasa, sai an auna. Ki nemi mai tsaga ko rami a tsakiya, a saita shi a kwance, ko hancinsa ya ɗan sunkuya kaɗan ƙwarai. Kada laushi ya ruɗe ki: sirdi mai kauri da taushi yana da daɗi a minti goma na farko, daga nan ƙashi ya nutse, soson ya taso ya danne inda bai kamata ba. Ciwon ƙashin zama a makonnin farko abu ne da ke wucewa. Amma mutuwar jiki ko ƙuna a gaba ba abin jurewa ba ne, sirdi ne bai dace ba ko an ɗaga shi da yawa. Gajeren wandon keke mai soso a ciki yana taimakawa sosai, kuma ana sa shi a ƙarƙashin dogon wando ba wanda ya sani.

Ƙarfen feda ba zan ja magana a kansa ba. Manyan kekuna da mai tsawon milimita 175 suke zuwa, kuma ƙafarki za ta iya da shi. Idan kin ji cinya na matse ciki a saman juyi, 170 ko 172.5 zai buɗe miki wuri. Tadej Pogačar ma da 165 ya ci Tour de France a 2024. Ki bar wannan sai ƙarshe.

Akwai tarko biyu da ya kamata ki sani kafin ki biya. Sababbin kekuna masu tsada da yawa suna zuwa da sitiyari da wuya a haɗe wuri ɗaya, wayoyin birki sun bi ta ciki. Yana da kyau a ido, amma duk gyaran da na lissafa miki sai ya koma sayen wani mai tsadar gaske da kwance birki gaba ɗaya. Keken farko, ki ɗauki wanda wuyansa daban, sitiyarinsa daban. Na biyun ya shafi na hannu. Bututun fok, wato abin da ya riƙe tayar gaba, da ke fitowa ta saman firam, masu gasa sukan yanke shi don sitiyari ya kwanta ƙasa, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa. Ki duba ko akwai zobba a ƙarƙashin wuya ko a samansa. Idan akwai na santimita 2 ko 3, kina da wurin ɗagawa da saukewa. Idan wuyan ya zauna kan firam babu komai a sama, tsayin da kika gani shi ke nan. Kada kuma a tara zobba fiye da santimita 4 a kan fok na kabon, wato abu mara nauyi da ake ƙera kekuna masu tsada da shi.

Idan a kasuwar gwanjo za ki saya, kamar yadda yawancinmu ke yi, ki tafi da tef da lambarki ta tsayin sirdi a rubuce. Ki sa a ɗaga sirdi zuwa wannan lambar a gabanki. Da haka za ki ga abu biyu lokaci ɗaya: ko layin iyaka ya fito, da ko sandar tana motsi ma, domin tsohuwar sandar alminiyam takan manne a cikin firam na ƙarfe har a kasa zare ta. Daga nan ki dubi tazarar saman sirdi da saman sitiyari. Ga mai farawa, sitiyari ya yi ƙasa da sirdi da santimita 2 zuwa 6 ya isa. Idan ya kai 10 ko 12, ki wuce. Ki tsaya da keken a tsakanin ƙafafunki, ya zama akwai sarari na yatsu biyu ko uku tsakaninki da bututun sama. Ki goge ƙura ki duba wuraren walda, musamman bakin bututun sirdi da ƙarƙashin bututun gaba, ko akwai siririn layin tsagewa. Kabon da ba ki san tarihinsa ba, na fi son ki bar shi ki ɗauki alminiyam mai lafiya. Ki kuma tabbata firam ɗin zai karɓi taya mai faɗin milimita 28 zuwa 32, saboda kwaltarmu ba ta siririyar taya 23 ba ce. Wajen sayen sabon sitiyari ki lura da kaurin tsakiyarsa: na yanzu milimita 31.8 ne, tsofaffin kekuna kuwa 26 ko 25.4, kuma dole ya yi daidai da bakin wuya. Idan da doguwar riga za ki riƙa hawa, firam mai gangaren bututun sama ya fi sauƙin hawa da sauka, sai ki riƙa tattare gefen dama kada sarƙa ta kama.

Gwajin zagaye ɗaya a bakin shago ba ya nuna komai. Ki nemi minti ashirin ko talatin. Kafin ki tashi, ki ɗora diddige a kan feda a can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba. Idan kika mayar da gaban ƙafa kan feda, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, kamar digiri 25 zuwa 35. Ki sa a ɗauke ki bidiyo da waya daga gefe da kuma daga baya. Daga baya, idan ƙugunki na rausaya dama da hagu, sirdi ya yi sama. Daga gefe, hannayenki a kan kawunan birki, gwiwar hannu ta kasance a ɗan lanƙwashe, kafaɗu a sake ba a ɗage zuwa kunne ba. Idan kin lura kina ta ja da hannu baya kina riƙe saman sitiyari saboda birki ya yi nisa, nisan ya yi yawa. Ciwo a gaban gwiwa yawanci sirdi ne ya yi ƙasa, a bayan gwiwa kuma ya yi sama.

Wasu za su ce miki sai an ƙera miki firam na musamman. A 183 ba ki kai nan ba, kusan kowane babban kamfani yana da girmanki har da na sama da shi. Abin da za ki yi shi ne ki ware wani abu daga kuɗin keken tun farko don sitiyari, wuya da sirdi, ki kuma yi cinikin canja su kafin ki biya, domin shago ya fi saurin yarda kuɗi na hannunki. Bayan kin kai shi gida, ki naɗa ɗan salatif a sandar sirdi daidai bakin firam don ki san inda kika fara. Duk gyaran da za ki yi, abu ɗaya a lokaci ɗaya, milimita 3 zuwa 5, ki hau kwana biyu ko uku kafin ki sake taɓa wani. Idan kin auna ƙafa da kafaɗa, ki turo lambobin tare da sunan keken da kike dubawa, sai mu duba jadawalinsa tare.